ZANCEN AKAWU: ISKA ƊAYA, SUNA UKU



Zancenmu na wannan fitowa a kan iska ne. Duk wanda ya ke sauraron labarun duniya a rediyo, ko ya ke duba su a jawwal, ya san da wuya a yi wata biyu ba a ji wata babbar iska ta taso daga teku ta faɗa wa wata ƙasa ba. Abin da ya ke rikita jama'a shi ne suna. Yau a ce hariken ta rushe gidaje a Amurka, gobe a ce taifun ta ci mutane a Filifin, jibi kuma a ce saikulon ta nufo Oman. Mai karanta labari da Larabci ya haɗa su duka ya ce i'isar, mai karantawa da Hausa ya ce mahaukaciyar guguwa. Sa'an nan kuma a ɗora musu suna irin na mutane, a ce Katrina, ko Shahin, ko Jawad. Wannan ya sa waɗansu suna tsammani masifu ne iri dabam dabam, har su kan yi gardama a kan wadda ta fi wata ƙarfi. Waɗansu kuma da zarar sun ji kalmar i'isar sai hankalinsu ya tashi, su ce ga ta nan tafe Makka. To, bari mu warware abin filla-filla.

Amsar a taƙaice ita ce, hariken da taifun da saikulon abu ɗaya ne. Tekun da iskar ta taso ne ya ke ba ta suna. Mu ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan. Mutum ɗaya ne za a kira shi Bahaushe a Kano, in ya sauka Sudan a ce da shi Fallata, in ya iso Hijaz a ce Takaruni, in ya tafi Kumasi a ce mutumin zango. Shi dai yana nan yadda ya ke, masauki ne ya sake.

Ga yadda a ke haifar wannan iska. Sai ruwan teku ya yi ɗumi ƙwarai, ya kai kamar digiri 26 ko 27. Tururi ya riƙa tashi sama yana zama gajimare, iskar da ke kewaye kuma ta riƙa garzayowa domin ta cike gurbin wadda ta tashi. Da ya ke duniya tana juyawa, iskar ba ta shigowa miƙe, sai ta karkace, har ta zama tana kewaya wuri ɗaya kamar an murɗa faifai. A arewacin duniya tana juyawa ne hannun da mu ke yin ɗawafi, watau saɓanin tafiyar agogo, a kudanci kuwa tana bin hannun agogo. A tsakiyarta akwai wani fili da a ke kira ido, inda iska ta ke kwanciya, har wani lokaci a ga rana. Faɗin abin duka ya kan kai ɗaruruwan kilomita, kuma ya kan yi kwanaki, wani sa'i ma makonni, yana tafiya bisa ruwa. In ya hau tudu sai ya fara mutuwa, domin abincinsa ɗumin teku ne.

Kun ga ashe ta yi nisa da guguwar da mu ka sani, wadda ta ke tashi a fili da tsakar rana ta kwashe leda da ƙura, kafin ka kira yaro ya gani ta watse. Ta kuma bambanta da wata muguwar guguwa mai siffar mazurari da ta ke yawan aukuwa a tsakiyar Amurka, wadda ɓarnarta ba ta wuce siririn layi ɗaya. Larabci ya haɗa waɗannan da ta teku a kalmar i'isar, Hausa kuma ta haɗa su a kalmar guguwa. Daga nan rabin rikicin ya ke fitowa.

Yanzu ga yadda aka raba sunayen. In iskar ta tashi a Tekun Atlantika, ko a gabashin Tekun Fasifik wajen Meziko, sunanta hariken. Mutanen Sifaniya ne suka ji kalmar a bakin mazauna tsibiran Karibiyan na asali, daga gare su ta shiga harsunan Turai. In ta tashi a yammacin Fasifik, wajen Filifin da Sin da Japan da Biyetnam, sunanta taifun. Masana suna da saɓani a kan asalin wannan kalma. Waɗansu sun danganta ta da harshen Sin, waɗansu da Yunananci, waɗansu kuma da kalmar Larabci ɗufan, wadda mu ma muka ara tun da daɗewa mu ke cewa ruwan Ɗufana. In kuwa ta tashi a Tekun Indiya, ko a kudancin Fasifik wajen Ostireliya, sunanta saikulon. Wannan kalma an san wanda ya ƙirƙiro ta. Wani Bature ne mai suna Henry Piddington, wanda ya zauna a Kalkata yana tara labarun matuƙan jiragen ruwa, ya fito da ita a shekarun 1840 daga kalmar Yunananci mai ma'anar kewaye. Saboda haka duk wadda za ta kusanci Jazirar Larabawa saikulon ce, domin Tekun Larabawa yanki ne na Tekun Indiya.

Abin da zai tabbatar muku iyaka ce kawai ta raba su, akwai wani layi a tsakiyar Tekun Fasifik, a digiri 180, inda kwanan wata ya ke sakewa. Iskar da ta ƙetare shi sai a sake mata kira. A 1994 wata mai suna John ta taso tana hariken, ta haye yamma aka ce taifun, ta sake juyowa gabas ta koma hariken. A watan Agusta na 2023 wata mai suna Dora ita ma ta ƙetare ta zama taifun. Ba abin da ya ƙaru a jikinsu, ofishin da ke lura da su ne ya sake.

To, sunayen mutane fa, mene ne amfaninsu? Mu akawuna mun san abin da fayil marar suna ya ke jawowa. A kan sami iska biyu ko uku a teku ɗaya a lokaci ɗaya. In aka ce za a riƙa faɗin lambobin wurin da kowace ta ke, matuƙin jirgin ruwa da masunci da mai gida a bakin gaɓa duk za su rikice. Amma in an ce Shahin ta nufo Maskat, kowa ya gane. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wani ma'aikacin yanayi a Ostireliya, Clement Wragge, shi ya fara wannan al'ada a ƙarshen ƙarni na 19. Amurka ta soma sa sunayen mata a 1953, aka haɗa da na maza a Tekun Atlantika a 1979. Ana raɗa wa iska suna ne in gudunta ya kai kamar kilomita 63 a sa'a. In ya kai kamar 119, a nan ne a ke kiranta cikakkiyar hariken ko taifun. A arewacin Tekun Indiya kuwa kalmar saikulon tana nan tun daga farko, sai dai a riƙa ƙara mata siffa, a ce mai tsanani, ko mai tsanani ƙwarai.

Kowane teku da ofishin da ke raɗa suna, a ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya da ke Janeba. Na Atlantika yana Mayami, na yammacin Fasifik yana Tokiyo, namu na arewacin Tekun Indiya kuwa yana Niyu Delhi. Kuma kowane da tsarinsa. A Atlantika jeri shida ne a ke juyawa, duk shekara shida sunan ya dawo, sai fa wanda ya yi mummunar ɓarna, shi a kan soke shi har abada. Shi ya sa ba za a sake jin Katrina ba, wadda ta nutsar da birnin Niyu Olins a 2005. Mutanen Filifin kuma suna da nasu sunayen na gida ban da na duniya. Iskar da ta kashe fiye da mutum 6,000 a can a watan Nuwamba na 2013, duniya ta san ta da Haiyan, amma in ka tambayi alhajin Filifin ko ma'aikaciyar asibiti 'yar ƙasar, Yolanda za su ce maka.

A namu yankin an makara wajen raɗa suna, sai a 2004 aka fara. Sa'udiyya ta shiga ƙungiyar ƙasashen yankin a 2018, tare da Iran da Ƙatar da Imarat. A 2020 aka fito da sabon jeri, ƙasashe 13 kowace ta ba da suna 13, watau 169 ke nan, ana ɗauka bi da bi. Sharaɗin shi ne kada suna ya wuce harafi takwas, kada ya taɓa siyasa ko addinin kowa, kuma wanda aka yi amfani da shi sau ɗaya ba a maimaita shi. Daga cikin sunayen da Sa'udiyya ta bayar akwai Jawad, wadda ta taso a Tekun Bengal a watan Disamba na 2021, da Fengal, wadda ta sauka a kudancin Indiya a ƙarshen Nuwamba na 2024. Ku lura da wannan da kyau: ƙasar da ta ba da suna ba ita ce iskar za ta faɗa wa ba. Layi ne kawai ya zo kanta. Yaman ce ta ba da sunan Moka, sunan tsohuwar tashar jiragenta da ta yi suna wajen gahawa, amma iskar Moka a Barma ta sauka, kusa da garin Sitwe na ƙasar Arakan, a watan Mayu na 2023. Can ne asalin maƙwabtanmu Barmawa da muka daɗe muna zaune tare da su a garin nan.

Kada kuma a ɗauka wani suna ya fi wani haɗari. Taifun sun fi yawa a shekara, kuma a cikinsu a ke yawan samun mafiya ƙarfi, amma saikulon ta fi cin rayuka. Wadda ta faɗa wa ƙasar da yanzu a ke kira Bangaladash a watan Nuwamba na 1970 ta kashe mutum 300,000 ko fiye. Nargis ta hallaka kusan 138,000 a Barma a 2008. Dalili kuwa, ƙasar tasu shimfiɗaɗɗiya ce, kusan daidai da teku, ga jama'a cunkushe. Iskar ta kan turo ruwan teku ya hau tudu kamar ganuwa, kuma wannan ruwa shi ya fi iskar kanta kisa. Mutanen Bangaladash sun ɗauki darasi. Suka gina matsugunai masu tsawo, suka horar da masu shela da ke bin ƙauyuka suna gargaɗi. Da Amfan ta zo a 2020 sai aka kwashe mutum fiye da miliyan biyu tun kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai ɗari ba. Ashe jin gargaɗi ya fi sanin suna amfani.

Akwai wani abu da zai ba tsofaffinmu mamaki. Da yawa daga manyan hariken da ke rushe garuruwan Amurka, asalinsu daga wajen ƙasar kakanninmu ne. Kowane manomi a Kano ko Maraɗi ya san hadarin damina daga gabas ya ke haɗowa ya nufi yamma. To, waɗannan hadura ba su tsayawa a Sakkwato. Suna bi ta Mali har Sanagal, su fita teku daura da Dakar, duk bayan kwana uku zuwa biyar wani ya bi bayan wani. Yawancinsu su kan watse a hanya. Amma wanda ya tarar da teku da ɗumi a watan Agusta ko Satumba ya kan ƙasaita, ya ƙetare Atlantika ya zama hariken. Hadarin da ya shayar da gero a Katsina, wataƙila shi ne bayan mako biyu za a raɗa wa sunan Turawa. Ikon Allah ke nan.

Yanzu mu zo ga tambayar da ta fi damunmu. Shin irin wannan iska tana zuwa Makka? Jazirar Larabawa dai ta sha ganinta, amma ta gefen kudu da gabas, kuma yawanci a watannin Mayu da Yuni, ko Oktoba da Nuwamba. Gonu ta yi wa Sur da Maskat ɓarna a watan Yuni na 2007. Capala ta sauka kusa da Mukalla ta ƙasar Hadaramaut a Nuwamba na 2015. Mekunu ta faɗa wa Salala a Mayu na 2018, ragowar ruwanta ya shiga Rub'ul Khali har aka ga tafkuna a tsakanin rairayi. Shahin kuwa labarinta abin ji ne. A Tekun Bengal ta fara da sunan Gulab, ta hau ƙasar Indiya ta raunana, ragowarta ya fita Tekun Larabawa ya sake farfaɗowa, aka sa masa sabon suna, ya sauka a gaɓar Oman ran 3 ga Oktoba, 2021. Amma Bahar Maliya da ke gabanmu siririya ce, ga busasshiyar iskar hamada ta ko'ina, ba wurin da irin wannan iska za ta sami sararin girma. Saboda haka ba a saba ganinta a Jidda ko a Makka ba. In wani ya turo maka saƙo cewa wata i'isar mai suna kaza za ta faɗa wa Makka daren Jumma'a, dakata tukuna, kada ka tura wa kowa, nemi abin da Cibiyar Arsad ta ƙasa ta faɗa.

Sai dai kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. Haɗarinmu na gida yana nan, kuma ba ofishin da ke raɗa masa suna. Shi ne sail. Makka kwari ce a tsakanin duwatsu, dutse kuwa ba ya shan ruwa. Ruwan sa'a ɗaya ya isa ya taru ya gangaro ta Wadi Ibrahim ya nufi Misfala. Mutanen garin nan sun riga Turawa raɗa wa masifa suna da ƙarnuka masu yawa, kamar yadda marubuta tarihin Makka irin su Azraƙi suka ajiye mana. A zamanin Sayyidina Umar an yi sail ɗin da aka kira Ummu Nahshal, da sunan matar da ya ci, shi ne ya ɗauke Maƙamu Ibrahim ya kai shi ƙasan gari, har Halifa ya zo da kansa ya mai da shi wurinsa, ya kuma sa aka yi madatsa. A shekara ta 80 bayan Hijira aka yi wanda aka kira Juhaf, ya kwashe alhazai da kayansu. Na shekarar 1039 ya rushe sashen ginin Ka'aba, aka sake gina ta a zamanin Sarkin Musulmi Murad na Huɗu na Istambul. Na 1941 kuma ya cika Harami har aka ɗauki hoton mai ɗawafi da iyo.

Na zamaninmu ma ba mu manta ba. Ran 25 ga Nuwamba, 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ruwa ya ci fiye da mutum ɗari a Jidda. Ran 11 ga Satumba, 2015, hadari mai iska ya taso da yammacin Jumma'a, babban injin ɗaga kaya ya faɗo cikin Harami, fiye da mutum ɗari suka rasu. Ran 24 ga Nuwamba, 2022, an auna ruwa milimita 179 a kudancin Jidda cikin sa'o'i kaɗan, har aka rufe babbar hanyar da ke tsakaninta da Makka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Duk waɗannan ba ɗaya da a ke kira hariken ko taifun ko saikulon. Hadari ne irin wanda mu ke gani ya haɗo a bayan dutse mu ce bari mu ƙarasa cinikinmu tukuna.

Saboda haka ga roƙona ga jama'a. Na farko, mu saba da launukan gargaɗin Arsad, rawaya da ruwan lemo da ja. In an ce ja, a tsai da yara a gida, kada a aike su baƙala, kada a bar su su bi ruwan kwararo suna wasa. Na biyu, masu mota kada su kutsa ruwa mai gudu ko hanyar ƙarƙashin gada don ganin na gaba ya wuce, kuma kada a kwana da mota a bakin magudana. Na uku, masu kwano da katako da tankin ruwa a bisa soro su ɗaure su tun kafin lokacin ruwa ya kama, domin abin da iska ta ɗauka daga soronka a kan maƙwabcinka zai sauka. Na huɗu, iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin hanya su tashi da wuri in sun ga gari ya sake, kayan da aka bari a kan mai da su, rai kuwa ba a mai da shi. In abu ya faru a kira Difa'ul Madani nan da nan. Matasa masu karatu kuma su ɗauki nauyin fassara wa tsofaffi sanarwa yadda ta ke, ba ƙari ba ragi.

Abu na ƙarshe, mu mutanen garin baƙi ne. Duk shekara muna hulɗa da alhazan Bangaladash da Filifin da Mozambik da Amurka, waɗansunmu suna tura su a keke, waɗansu suna sayar musu da tsaraba. In alhaji ya ce maka taifun ta rushe gidansa, wani kuma ya ce saikulon ta ci gonarsa, yanzu ka san masifa ɗaya su ke nufi, sai ka yi musu jaje yadda ya kamata. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kiyashe mu sharrin iska da abin da ta ke ɗauke da shi, amin. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam. Naku,
Akawun Mansur